Tun Daga Faɗuwar Buta

Buta ce ta fara faɗuwa. Kawu ya tashi da asuba kamar kullum, ya gaisa da matarsa, wadda muke kira Inna, ya tsuguna bakin rariya zai yi alwala, sai butar ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya yunƙura zai ɗauka, hannu ya ƙi. Ya buɗe baki zai yi kira, magana ta ƙi fita. Muka yi abin da aka saba yi a gidajenmu: aka ɗura masa zuma, aka shafa masa man habbatussauda, aka yi tofi. Da gari ya waye muka kai shi wani ɗan asibiti, inda wani ma'aikaci ya auna jininsa da hannu ɗaya, waya na ɗaya hannun, ya ce hawan jini ne, ya rataya masa ledar ruwa. Ko ce masa ya ɗaga hannu bai yi ba. Sai wajen sha ɗaya da rabi na safe muka isa asibitin koyarwa, a nan ne na ga yadda masu sana'ar ke yin ta.

Likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ce ta zo, ɗalibai shida na biye da ita. Ba ta fara taɓa Kawu ba, Inna ta fuskanta.

"Sannu Inna. Yaushe ne rabonki da ganinsa lafiya ƙalau?"

"Da safe ne, likita."

"Da ya farka, ya yi miki magana? Da ƙafarsa ya fita tsakar gida? An kira sallah ko ba a kira ba?"

Da haka ta yi ta tsefe zancen har ta tsayar da lokacin a kusan ƙarfe biyar da rabi. Ta juya ta ce wa ɗalibanta, da a ce Kawu farkawa ya yi da shanyewar, to lissafi zai koma tun lokacin da ya kwanta barci, domin ba wanda ya san sa'ar da abin ya auku. Tunda ya tashi ya yi magana ya taka da ƙafarsa, agogo ya fara ne daga faɗuwar buta. Na ga ta lissafa da yatsunta, ta ɗan yi shiru. Sai daga baya na gane abin da shirun ke nufi.

Dalilin wannan bin diddigi yana cikin halittar ƙwaƙwalwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta da rumbun ajiya. Manyan jijiyoyin jini huɗu ne ke ciyar da ita: biyu a gaban wuya, waɗanda ake kira karotid, su ne kake jin bugunsu in ka ɗora yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu kuma suna bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta baya. (Hausa ta haɗa abu biyu a kalmar jijiya, mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo, don haka zan riƙa bambance su.) Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe hanya, ko hanyar ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. In toshewa ce, tsakiyar wurin kan mutu cikin mintuna, amma kewayensa yakan yi yaushi kawai, yana rayuwa da ɗan jinin da ke tsattsafowa daga maƙwabta. Wannan kewayen ake tseren ceto. A 2006 wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya lissafa cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti.

Kayan aikin da ta fito da su ba su cika aljihu ɗaya ba: 'yar tocila, 'yar guduma mai kan roba, tsinken sakace, ɗan ƙullin auduga, da mukullin motarta. Kafin ta taɓa ko ɗaya ta sa aka tsaga yatsan Kawu aka auna suga, domin faɗuwar suga kan kwaikwayi shanyewar jiki tsaf, kuma maganinta sukari ne kawai. Sugan ya fito daidai.

"Sannu Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Kawu, tar da bakinsa.

Muka dubi juna cikin murna. Ita kuwa ta ɗaga mukullin ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Kawu ya ƙura masa ido, leɓɓansa suka motsa, ya yi ta fama, ya ƙare da cewa, "Da sauƙi." Ta nuna masa agogo, amsar ɗaya ce. Ta ce ya rufe ido, ya rufe. Ta ce ya dunƙule hannun hagu, ya dunƙule. Sannan ta ja masa farkon Fatiha, ya kama ya kai ta ƙarshe, da ɗan sarƙewar harshe amma ba tsallake. Ta ce wa ɗaliban kada gaisuwa ta ruɗe su. Bahaushe ko yana bakin kabari aka ce ya jiki zai ce da sauƙi, kuma maganar da baki ya haddace tun yarinta, gaisuwa da ƙirge da karatun sallah, takan tsira ko da wurin ƙera sabuwar magana ya lalace. Kawu yana jin abin da ake faɗa, furtawa ce ta gagare shi. Wannan na nuna gaban ƙwaƙwalwa ta hagu, wurin da Paul Broca ya bayyana a Faris a 1861, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa guda.

Sai fuska. Ta ce ya yi murmushi, bakin ya karkace, gefen dama ya zube. Ta ce ya ɗaga gira, goshin ya tattare duka gefe biyu. Wannan ɗan bambanci kaɗai ya raba cuta biyu. Goshi na karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, don haka in ɓarnar a can sama take, goshi kan tsira, ƙasan fuska ne ke faɗuwa. Da a ce jijiyar saƙon fuska ce da kanta ta kumbura, irin karkacewar bakin da kan warke cikin makonni, da rabin fuskar gaba ɗaya ya mutu har da goshi, idon ma ba zai rufu ba.

Idanun Kawu sun fi son kallon hagu. Ta wuce da yatsa a gabansa daga gefe zuwa gefe, suka bi ta har tsakiya, suka yi nauyin tsallakawa dama. Kowane ɓari na ƙwaƙwalwa yana tura idanu ne zuwa ɗaya gefen, kamar mutum biyu masu turereniya da ƙofa, wanda ya raunana kuwa ƙofar kansa take faɗowa. Shi ya sa likitoci ke cewa majinyaci yana kallon inda ciwonsa yake. Ta haska tocila a kowane ido ta ga baƙin ya tsuke, ta kaɗa yatsu ta gefen fuskarsa don ta ga ko rabin ganinsa ya ɗauke.

Ta ɗaga hannayensa biyu, tafi na kallon sama kamar mai addu'a, ta saki, ta ƙirga goma a fili. Na dama ya faɗi kan katifa tun kafin ta kai uku. Ta ce a wanda abin bai yi wa tsanani ba, hannun ba ya faɗuwa, sai dai tafin ya riƙa juyawa yana kifewa a hankali, kuma wanda bai tsaya ya ƙirga goman ba ba zai gani ba. Ƙafa kuma biyar ake ƙirga mata. Ta Kawu ta dama ta yi ƙasa sannu a hankali, ba ta faɗi ba. Ta tsikare shi da tsinke a kunci, a hannu, a ƙauri, dama da hagu, tana kallon yamutsewar fuskarsa tunda ba zai iya faɗa ba. Ta buga gudumar a gwiwar hannu da ta ƙafa. A ƙarshe ta cire masa safa, ta ja bakin mukullin a tafin ƙafarsa, daga dunduniya ta bi gefen waje, ta lanƙwaso zuwa gindin yatsu. A hagu yatsun suka dunƙule ƙasa. A dama babban yatsa ya ɗaga sama, sauran suka baje. Joseph Babinski ne ya bayyana wannan alama a 1896, kuma har gobe ba a sami abin da ya fi mukulli ko tsinke iya fito da ita ba. Jarirai na yin haka lafiya lau, amma a babba tana nuna cewa hanyar da ke sauko da umarni daga ƙwaƙwalwa ta sami matsala.

Duk wannan bai kai minti goma ba. Kowane abu da ta gani tana ba shi maki, bisa wani ma'auni da aka tsara a Amurka wanda ke tafiya daga 0 zuwa 42, domin likitan dare ya san ko majinyaci ya ci gaba ko ya ci baya ba tare da dogaro da "yana samun sauƙi" ba.

Sai ta juya ga ɗaliban ta ce, "To, a ina yake?" Wani ya yi wuf ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta ce, "Wannan ai Inna ma ta sani tun da asuba. Na ce a ina?" Ta yafito wani dogo da ya maƙale a baya yana leƙen wayarsa, ta sa shi ya jero abin da aka gani. Da ƙyar, tana jan sa, ya haɗa: hanyoyin saƙo suna gittawa ne a gindin ƙwaƙwalwa, don haka raunin dama na nufin ɓarnar hagu. Fuska da hannu sun fi ƙafa shan wuya, magana ta tafi, ido na kallon hagu. Duk waɗannan wurare jijiya ɗaya ke shayar da su, wadda ake kira jijiyar tsakiya ta ƙwaƙwalwa, reshen karotid ta hagu. Ƙafa ta ɗan tsira ne domin wata jijiyar daban ke ba ta jini. Mai noman rani ya san wannan lissafi. In ya hango fangalin da ya yi yaushi, ya san magudanar da ta toshe tun kafin ya taka zuwa wurin.

Bayan "a ina" sai "me ya kawo shi". Ta koma ga Inna. Kafin yau, an taɓa samun wani abu da ya zo ya wuce? Idonsa ɗaya ya taɓa rufewa kamar an saki labule? Inna ta ce ido dai a'a, amma makonni biyu da suka wuce yana cin tuwo loma ta faɗi daga hannunsa, maganarsa ta cuɗe, kafin a kawo ruwa ya ware, har aka yi ta tsokanarsa.

Wannan tambaya tana da tarihi, kuma tarihin na mutum ɗaya ne. Charles Miller Fisher ɗan Kanada ne, an haife shi a 1913 a garin Waterloo na jihar Ontariyo, ya gama karatun likita a Jami'ar Toronto a 1938. A Yaƙin Duniya na Biyu yana likita a wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Voltaire, Jamusawa suka nutsar da jirgin a 1941, ya yi shekara uku da rabi a sansanin fursunoni, inda ya koyi Jamusanci. Bayan yaƙi ya je Boston ya koyi binciken ƙwaƙwalwar mamata a hannun Raymond Adams. A wancan zamani yawancin likitoci sun ɗauka shanyewar jiki faɗowa take kamar aradu, ba gargaɗi, ba kuma abin yi. Da Fisher ya koma Montreal, wani tsohon soja da ɓarinsa na hagu ya shanye ya yi masa ƙorafin cewa abin mamaki, kafin ya kwanta, idonsa na dama ne ya riƙa makancewa yana dawowa, ba na gefen da ya mutu ba. Da wani likitan ne, da ya yi murmushi ya wuce gado na gaba. Fisher ya rubuta. Ya lura cewa karotid ta dama ita ke ba idon dama jini, ita kuma ke ciyar da ɓarin ƙwaƙwalwar da ke mulkin hagun jiki. Ya shiga ciro jijiyoyin wuya daga ɗaruruwan gawarwaki, wurin da masu binciken gawa ba su cika dubawa ba, ya tarar da wasunsu cushe da daskararren kitse. A 1951 ya wallafa sakamakon farko, har ya yi hasashen cewa wata rana za a yi wa wannan jijiya tiyata, aka kuwa fara cikin shekaru kaɗan. Shi ne ya tsaya kai da fata a kan cewa 'yar shanyewar da ke zuwa ta wuce cikin mintuna gargaɗi ce.

Daga 1954 ya zauna a Babban Asibitin Masachusets, inda ya yi aikin da ya fi ba ni mamaki. Akwai 'yan ƙananan ramuka da ake gani a can cikin ƙwaƙwalwar masu hawan jini, da yawansu ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Don ya gano abin da ke haddasa su, sai ya riƙa yanka wurin filla-filla, yanka dubbai, yana bin siririyar jijiya a madubin ƙara girma, yanka bayan yanka, har ya iso daidai inda ta toshe. Sannan ya koma ga abin da ya rubuta a bakin gadon mutumin tun yana raye, ya haɗa alama da rami. Saurin da na gani a hannun likitar Kawu, irin wannan zama ne ya haife shi. Ɗalibinsa Louis Caplan ya tattara ɗabi'unsa na aiki ya wallafa su a 1982, kuma a cikinsu akwai cewa bakin gadon majinyaci ɗakin bincike ne, a bayyana abin da aka gani da adadi, kada a yi gaggawar cusa cuta cikin sunan da bai dace da ita ba. Fisher ya rasu a 2012 yana da shekara 98.

Likitar ta kama tsintsiyar hannun Kawu, ta daɗe tana saurare da yatsu uku, sannan ta ɗora yatsun dogon ɗalibin a wurin. Bugun ba shi da tsari, ya yi sauri, ya tsaya, ya yi biyu a jere. Idan ɗakin sama na zuciya yana karkarwa maimakon matsawa, jini kan kwanta a lungunsa ya daskare, gudan ya ɓalle ya bi karotid ya maƙale a inda hanya ta tsuke. Ta ce tana zaton wannan ne, amma ba za a ba shi ko asfirin ba sai an ga hoto.

A nan ne ido da hannu ke tsayawa. Ba likitan da zai rantse daga bakin gado cewa toshewa ce ko fashewa, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗaya. Na'urar sitiskan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971, ita ke raba gardama. A hotonta ƙashi fari ne, ƙwaƙwalwa toka-toka, sabon jinin da ya malala kuma fari tas. A yankinmu wannan taka-tsantsan ya fi wajaba. Babban binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, wanda aka wallafa a 2018, ya sami cewa kashi 32 cikin 100 na masu cutar fashewa ce ta same su, adadin da ya zarce na Turai da Amurka nesa, kuma hawan jini ne ke da hannu a kusan kashi 90 cikin 100.

Hoton Kawu ba fari a ciki. Ni a idona ma ba komai a ciki. Ita ta ɗaga shi ga haske tana gwada hagu da dama, ta nuna wa ɗaliban inda iyakar toka mai duhu da mai haske ta dushe a hagu, da inda 'yan kwarin saman ƙwaƙwalwa suka shafe saboda kumburi. Sannan ta bayyana mana shirun ɗazu. Akwai allurar narkar da gudan jini, alteples, wadda aka tabbatar da amfaninta a Amurka a 1995 ga wanda ya zo cikin awa 3, aka faɗaɗa zuwa awa 4 da rabi bayan wani gwaji na Turai a 2008. Ana auna ta da nauyin mutum, miligiram 0.9 ga kowane kilo, kada a wuce 90, a tura kashi ɗaya cikin goma nan take, sauran ya ɗiga cikin awa guda, kuma sai jini ya sauka ƙasa da 185 bisa 110. Tun daga 2015 kuma an tabbatar da hanyar zura siririn bututu ta jijiyar saman cinya har ƙwaƙwalwa a zaro gudan. Waɗannan suna da tsada, asibitocinmu masu yin su kaɗan ne. Ko da akwai allurar a aljihunta, lokacin Kawu ya ƙare tun ƙarfe goma, muna zaune muna kallon ledar ruwa.

Na zaci aikinta ya ƙare ke nan, ashe rabinsa ne ya rage. Ta hana a fyaɗo da jininsa ƙasa a kwanakin farko, sai fa in ya haura 220 bisa 120, domin wannan hawan ne ke tura jini zuwa kewayen da ya yi yaushi. Ta sa aka tada shi zaune, ta ɗebi ruwa cokalin shayi ɗaya ta ba shi, yatsanta a kan maƙogwaronsa tana jin ko ya hau ya sauka, sannan ta ce ya ce "a". Muryar ta fito da gurgurar ruwa, tari ya biyo baya. Ta ce kada a ƙara ba shi komai ta baki, sai ta robar hanci, domin abin da ya ɓata hanya ya shiga huhu shi ke kashe da yawa daga waɗanda shanyewar ta bari. Ni da Inna muka tuna zumar asuba, ba wanda ya dubi wani. Ita ma ba ta tambaya ba. Ta rubuta a riƙa juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, a tallafe kafaɗar dama da matashi kada a ja shi ta hannun, a sa ido kan zazzaɓi da suga, masu gashin ƙashi su fara zuwa. Maganin tsinka jini saboda zuciyar kuma sai bayan wasu kwanaki, in wurin ya lafa.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a ɗakin. Kullum da safe takan zo da ayarinta, kullum sai an sake ƙirga goma da biyar, kuma ba ta taɓa karɓar "ya ɗan samu" daga bakin ɗalibi ba, sai ya faɗi daƙiƙa nawa hannun ya yi a sama, kalma nawa Kawu ya kira daidai cikin biyar. Ranar da za a sallame mu aka shigo da wata tsohuwa gadon da ke kusa, likitar ba ta iso ba tukuna. Dogon nan ne ya tarbe su. Ya durƙusa ya gaida tsohuwar, ya juya ga 'yarta, mukullin ɗakinsa a hannu.

"Yaya, jiya da magariba da ƙafarta ta je ta yi alwala? To da isha'i fa, wa ya gan ta?"